Tarihin Mai Kai Sammaci: Daga Zauren Alƙali Zuwa Lambatun New York



Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafanmu na Hausa ya san yadda sammaci yake shigowa cikin labari. Rigima ta kai intaha tsakanin miji da mata, ko tsakanin 'yan uba a kan gidan gado, sai marubuci ya ce washegari da hantsi sai ga sammaci daga kotu, shi ke nan an wuce wurin, babi na gaba sai mu tsinci kanmu a gaban alƙali, lauyoyi suna ta kai gwauro suna kai mari. Shi wanda ya kawo takardar ba ma ba shi suna, ba ma faɗin ko a ƙasa ya zo ko a kan babur, balle mu tambayi wa ya koya masa aikin. Mu marubuta mun fi son lauya da alƙali, domin su ne masu dogon zance. Alhali kuwa idan ka tambayi masana shari'a za su gaya maka cewa duk ginin nan a kan wannan bawan Allah yake zaune, in ya goce, hukuncin da aka shekara uku ana nema sai ya rushe a yini ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa, haka nan ba a yanke masa hukunci sai ya ji an kira shi. To alƙali kuma ba ya tashi daga kujerarsa ya bi unguwa-unguwa yana neman wanda ake ƙara. Abin da yake gani kawai shi ne wata 'yar takardar rantsuwa da mai kai sammaci ya sa wa hannu, yana cewa ranar kaza, ƙarfe kaza, na damƙa wa wane takarda a wuri kaza. Idan ranar zama ta zo wane bai bayyana ba, sai alƙali ya ɗauka ya ji kira ya ƙi zuwa ne, ya ba mai ƙara abin da ya nema. A nan ba maganar ɗan sanda da kama ɓarawo nake yi ba, ina magana ne a kan shari'ar haƙƙi, wato bashi da haya da fili da gado da aure, inda takarda ce take zuwa ba ankwa ba.

A Rum ta dā, cikin dokokinsu da aka rubuta a kan alluna 12 wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), babu ma wani mai kai sammaci. Mai ƙara shi ne zai tari abokin shari'arsa ya ce masa mu je gaban hukuma, in ya ƙi ya kafa shaidu sannan ya cafke shi, in kuma tsoho ne ko maras lafiya, dole mai ƙarar ya samo masa dabbar da zai hau. Kowa ya san abin da irin wannan tsari zai haifar in mai bin bashin rago ne, wanda ake bi kuma ƙato.

Malaman Musulunci sun fi tsara abin. Littafin nan Tuhfatul Hukkam na Alƙali Abubakar Ibn Asim, mutumin Garnaɗa ta ƙasar Andalus wanda ya rasu a 1426, wanda har yau alƙalan kotunan Musulunci a ƙasar Hausa suke kafa hujja da shi, ya ware fasali guda a kan yadda ake kawo wanda ake ƙara. Idan akwai alamar gaskiya a maganar mai ƙara, wanda ake ƙarar kuma yana cikin gari, sai a tura masa ɗan aike. Idan yana da 'yar tazara kuma hanya lafiya lau, wasiƙa ta wadatar. Idan da nisa ko hanya ba aminci, sai alƙali ya rubuta wa mutumin da ya fi kowa nagarta a can ya tsaya a kan lamarin. Wanda ya ji kira ya yi kunnen uwar shegu, sai a rufe masa abin da ya damu da shi, kamar shago ko gida, a buga hatimi har sai ya kawo kansa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne bai bar maganar kuɗi a dunƙule ba: ladan ɗan aiken alƙali yana kan mai neman haƙƙi, sai fa in wanda ake ƙara ne ya yi taurin kai ya jawo wahalar, to sai ya koma kansa. Ka riƙe wannan magana ta lada, mai karatu, domin za mu sake cin karo da ita. Game da koyon aikin kuwa, ba makaranta ake shiga ba, a zauren alƙali yaro yake tashi yana gani yana koya, abin da littattafan fiƙihu suka fi nanatawa shi ne a zaɓi amintacce wanda ba shi da kwaɗayi.

Turawan Ingila, waɗanda daga wajensu muka ari ita kanta kalmar sammaci, sun taɓa sa maganar ilimin ma'aikacin kotu a cikin babbar takarda. A 1215, lokacin da manyan ƙasar suka tilasta wa Sarki John ya amince da yarjejeniyar nan ta Magna Carta, sashe na 45 ya ɗauki alkawarin ba za a naɗa alƙali ko sherif ko belif ba sai wanda ya san dokar ƙasa kuma yake da niyyar kiyaye ta. Shekara ɗaya tak, da aka sake fitar da yarjejeniyar a 1216 bayan mutuwar sarkin, sai aka nemi wannan sashe aka rasa. Aka ci gaba da ɗaukar duk wanda yake da ƙafa da taurin fuska, aikin kuma ya zama na wanda jama'a suka tsana. A ƙasar Ailan, cikin watan Satumba na 1880, an tura wani mai kai sammaci da rakiyar 'yan sanda 17 ya kai wa manoma takardun tashi daga gonakin da wani Kyaftin Charles Boycott yake kula da su. Matan ƙauyen sun san dokar sarai, sun san in takarda ba ta shiga hannun maigida ko matarsa cikin wa'adi ba to ta zama banza, saboda haka da ɗaya daga cikinsu ta ɗaga jan ƙyalle sai suka fito da duwatsu da taɓo da kashin shanu suka kora su. Daga nan ne gari ya ƙaurace wa Kyaftin ɗin, har sunansa ya zama kalmar ƙaurace wa mutum a Turanci.

To amma inda nake so mu daɗe shi ne Amurka, musamman birnin New York, domin a can ne aka fi tona asirin wannan sana'a, kuma duk abin da aka tono yana rubuce a kundin kotu.

Tun 1789 jami'an da ake kira mashal su ne suke kai takardun kotunan tarayyar Amurka. Da aiki ya yi musu yawa sai aka gyara ƙa'ida a 1983, aka ce duk wanda ya kai shekara 18, in dai ba ya cikin shari'ar, zai iya kai sammaci. Jihohi da dama dama can haka suke. Ka ga ke nan abin ya zama kasuwa, kamfanoni suna karɓar takardu daga ofisoshin lauyoyi suna raba wa yaransu, kamar yadda dillalin littafi yake raba wa masu talla. Su kansu masu sana'ar sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1982, suna shirya wa junansu bita, sai dai shiga ƙungiya ganin dama ne, ba dole ba.

Kotun Ƙolin ƙasar ta riga ta faɗi abin da ake bukata. A shari'ar Mullane ta 1950 ta ce sanarwa sai ta kasance irin wadda mai son saƙonsa ya isa da gaske zai yi amfani da ita, ba ta fita kunya ba. A 1982 kuma aka kawo mata wata ƙara daga birnin Louisville na jihar Kentucky, inda ma'aikatan sherif suke zuwa gidajen gwamnati na talakawa, in sun ƙwanƙwasa sau ɗaya ba a amsa ba sai su manna takardar tashi a ƙofa su tafi. Su ma'aikatan da bakinsu suka shaida cewa sun sha ganin yara suna yage takardun. Masu haya ba su san an kai su ƙara ba sai da aka zo fitar da su. Kotu ta ce wannan ba sanarwa ba ce.

Waɗancan aƙalla sun je ƙofar. A New York akwai wata al'ada da lauyoyin birnin suka raɗa wa suna, wanda in za mu mayar da shi Hausa sai mu ce sammacin lambatu. Mai kai takarda zai karɓo tuli, ya watsa su a kwata ko kwandon shara, ya koma ya rantse cewa ya damƙa wa kowa tasa. Tun a shekarun 1960 abin ya yi ƙamari, lokacin da 'yan kasuwa suke bi gida-gida a unguwannin baƙaƙen fata da 'yan Puerto Rico suna sayar da agogo da zobe da kayan ɗaki bashi, ana biya kaɗan-kaɗan. In mutum ya yi jinkiri sai a kai shi ƙara, sammaci ya tafi lambatu, a sami hukunci a bayan idonsa, ba zai farga ba sai ya ga an fara yankar albashinsa. Har ta kai a 1970 gwamnatin tarayya da kanta ta tsaya a kotu da wani kamfanin sayar da kayan ado mai suna Brand Jewelers a kan wannan aika-aika. A wajen wannan lokaci ne birnin ya fara ba masu kai sammaci lasisi. A 1986 ofishin Antoni-Janar na jihar da hukumomin birnin suka sake bincike, suka tarar jiya i yau.

Sai aka shiga shekarun 2000, aka sami wata sabuwar sana'a ta sayen bashi. Kamfani zai je banki ya sayi tsofaffin basussukan katin bashi na dubban mutane a kan 'yan kwabbai, sannan ya kai su ƙara a kan cikakken kuɗin har da ruwa. Tsakanin 2006 da 2008 ƙararrakin karɓar bashi sun kai wajen 300,000 a shekara a kotun birnin New York kaɗai. Wata ƙungiyar lauyoyi masu taimakon talakawa da ake kira MFY Legal Services a lokacin ta duba ƙararrakin da manyan ofisoshin lauyoyin karɓar bashi guda 7 suka shigar a 2007, ta fitar da rahoto a 2008 cewa waɗanda suka bayyana a kotu don kare kansu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Ta kuma gano cewa ana biyan mai kai sammaci 'yan daloli ƙalilan a kan kowace takarda, sau da yawa ma sai in ya ce ya kai. In ya dawo ya faɗi gaskiya cewa mutumin ya tashi daga gidan tun bara, to ya yi asarar kuɗin motarsa da yininsa. Jama'a, wa zai daɗe yana faɗin gaskiyar da take hana shi cin tuwo?

Ya kamata mu san abin da dokar jihar ta ce, don mu gane yadda ake ƙaryar. Hanya ta farko a ba mutum hannu da hannu. Ta biyu a ba wani mai hankali da ya isa a gidansa ko wurin aikinsa, sannan a aika kwafi ta gidan waya. Ta uku, wadda ba a yarda da ita ba sai an yi ta zuwa a lokuta daban-daban ba a dace ba, ita ce a liƙa a ƙofa sannan a aika ta gidan waya. A takardar rantsuwa kuma dole a siffanta wanda aka ba: namiji ko mace, launin fata, launin gashi, kimanin shekaru da tsawo da nauyi. Ba a kai sammacin haƙƙi ranar Lahadi, kuma laifi ne ka kai wa mai kiyaye Asabar takarda a ranar Asabar da gangan don ka ci zarafinsa. Duk wannan masu sammacin lambatu sun san shi kamar yunwar cikinsu. Shi ya sa takardunsu suke fitowa tsaf, da ranaku uku na zuwa, da wani ɗan'uwa na ƙarya mai matsakaicin tsawo da baƙin gashi da aka ce shi ya karɓa. Wanda bai san dokar ba ai ba zai iya shirya irin wannan ƙaryar ba.

Abin da ya kama su lissafi ne. A watan Afrilu na 2009 Antoni-Janar na jihar, Andrew Cuomo, wanda daga baya ya zama gwamna, ya sa aka kama mai wani kamfani da ake kira American Legal Process. Da masu bincike suka zuba bayanan kamfanin a kwamfuta suka jera su bisa rana da lokaci, sai ga shi sau dubbai mutum ɗaya ya rantse yana wurare biyu ko fiye a minti guda, wasu kuma tafiyar da suka ce sun yi a yini ɗaya ko jirgin sama sai ya yi da gaske. Akwai ma inda aka ce an je kai takarda tun kafin takardar ta iso kamfanin. A watan Yuli na shekarar aka shigar da ƙara a kan ofisoshin lauyoyi 35 da kamfanonin karɓar bashi 2, ana neman a soke hukunce-hukunce kimanin 100,000. Mai kamfanin ya amsa laifinsa a 2010 aka ɗaure shi shekara ɗaya. Ka auna, mai karatu, mutum dubu ɗari, da yawa cikinsu da asusun bankin da aka rufe ko albashin da aka yanka, wata tsohuwa ta je cirar kuɗin magani na'ura ta ce mata babu. Shekara ɗaya dai ta yi araha.

Daga nan ne maganar koyar da sana'ar ta tashi daga bita ta ganin dama ta zama doka. A 2010 majalisar birnin New York ta yi dokar da ta ce duk mai neman lasisin kai sammaci sai ya ci jarrabawa a kan dokoki da ƙa'idojin aikin. Kamfani kuma alhakin abin da yaransa suka yi yana wuyansa. Mai aiki da kansa zai kawo lamunin dala 10,000, kamfani dala 100,000, domin in an cuci wani a sami inda za a kama. Wanda aka yi wa sammacin lambatu an ba shi damar ya kai ƙarar wanda ya yi masa. Sannan daga 2011 dole kowa ya riƙa yawo da na'urar GPS, wadda take rubuta inda yake da lokacin da yake wurin, ta yadda in ya ce ya je ƙofar wane ƙarfe tara, akwai shaidar da ba ta cin hanci. Ita ma kotu tun 2008 ta fara aika tata wasiƙar daban ga wanda ake ƙara a shari'ar bashi, in gidan waya ya dawo da ita ya ce babu mai wannan suna a nan, to ba za a ba da hukuncin bayan ido ba.

A ganina, cikin duk waɗannan jarrabawar ce mafi rauni, ko da yake ita aka fi ambata. Tana da amfani ga sabon shiga mai gaskiya, wanda zai iya ɓata shari'ar mutane da rashin sani, ya ba yaro ɗan shekara takwas takarda, ko ya kai wa kamfani ta hannun maigadi. Amma ba ta taɓa maƙaryaci. Abin da ya taɓa shi ya fito fili a wata babbar ƙara da talakawan da aka cuta suka haɗu suka shigar a 2009 a kan ofishin lauyoyi na Mel Harris, da kamfanin sayen bashi da ke ƙarƙashin Leucadia, da kamfanin kai sammaci na Samserv. A ƙarshen 2015 aka yi sulhu a kan dala miliyan 59. Cikin sharuɗɗan sulhun akwai wani ɗan ƙarami da bai cika jan hankalin 'yan jarida ba: kamfanin kai sammacin zai riƙa biyan yaransa daidai wa daida, ko sun sami mutum ko ba su same shi ba. Maganar ladan ɗan aike ke nan da Ibn Asim ya ga ta isa a sa a littafi shekara kusan 600 da suka wuce.

Kada kuma a ɗauka duk Amurka haka take, kowace jiha da nata. A Texas sai ka yi kwas na awa 7 an kuma binciki tarihinka kafin hukumar da ke ƙarƙashin kotunan jihar ta ba ka shaida. A Arizona akwai jarrabawa da ƙarin karatu duk shekara. A Kalifoniya kuwa, in kana kai takarda fiye da 10 a shekara don a biya ka, rajista za ka yi ka kawo lamunin dala 2,000, ba aji ba allo. Wasu jihohin ko rajistar babu.

Awa 7 a Texas, to bari mu leƙa Faransa mu ga ɗaya ƙarshen igiyar, domin nata tsarin ne 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi suka gada. A can mai kai takardar kotu shi ne huissier, wanda a baki ake jin sa kamar wisiye, asalin kalmar kuma daga tsohon sunan ƙofa ne a Faransanci, wato mai tsaron ƙofar alƙali. Daga wannan ƙaramin matsayi ya tashi ya zama babban ma'aikacin shari'a mai ofishin kansa, ministan shari'a ne yake naɗa shi, gwamnati ce take yanka kuɗin da zai karɓa a kan kowace takarda. Daga 1 ga Yuli 2022 an haɗe su da masu gwanjon kotu an ba su sabon suna, kwamishinan shari'a. Mai son shiga sai ya yi digiri na biyu a fannin shari'a, wato shekara 5 a jami'a, ya ci jarrabawar shiga, ya yi shekara 2 yana koyo tsakanin aji da ofishin wani babba, sannan ya ci jarrabawar fita. Abin da ya rubuta cewa ya yi da hannunsa kotu tana ɗaukarsa gaskiya har sai an bi wata hanya ta musamman an tabbatar jabu ne, in kuwa aka tabbatar, dokar laifuka ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 15. Mutumin da ya kashe shekara 7 da dukiya kafin ya sami ofis ba zai jefar da shi a lambatu saboda kuɗin mota ba. Aibin tsarin shi ne tsada, talaka yana jin ta a jikinsa, kuma wisiye ɗin nan shi ne dai mai zuwa kwashe kaya in an ci mutum bashi, don haka ba a yi masa maraba da ruwan sanyi. A Afirka, ƙasashe 17 da suka shiga yarjejeniyar OHADA ta 1993, ciki har da Nijar, suna da makaranta a Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin inda ake ƙara wa alƙalai da sauran ma'aikatan shari'a ilimi, har da su wisiye.

Mu a Nijeriya hanyar Ingila muka bi, muka haɗa da tamu ta gado. A zamanin En'e, dogarai da 'yan doka da masinjojin alƙali su ne ƙafar shari'a, kira kuma yakan bi ta hannun hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, wanda ya san kowa da gidan ubansa. A 1968 aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin jihohi. A ɓangaren manyan kotuna kuwa, dokar sherif da takardun shari'ar haƙƙi ta 1945 ita ce har yau take aiki, kuma tana da tarkuna. Misali, sammacin babbar kotun jiha da za a kai wata jiha, sashe na 97 ya ce sai an rubuta a jikinsa cewa na kaiwa wajen jiha ne, sashe na 99 kuma ya ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30. Shari'o'i masu nauyin miliyoyi sun faɗi a kan wannan 'yar rubutun. A shari'ar Skenconsult da Ukey ta 1981 Kotun Ƙoli ta ce inda doka ta wajabta a kai wa mutum takarda aka ƙi kaiwa, to kotu ba ta da hurumi, duk abin da ta yi a bayan nan rusasshe ne. Ƙa'idojin manyan kotuna da dama kuma sun kayyade lokacin kaiwa daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma, ban da Lahadi da ranakun hutu sai da izinin alƙali.

Wa yake koya wa belif duk wannan? Cibiyar horar da ma'aikatan shari'a ta ƙasa da aka kafa a 1991, wadda take Abuja, takan shirya musu bita tare da sauran ma'aikatan kotu, amma yawanci a bakin aiki ake koya, sabo ya bi tsoho. Legas ta buɗe wata ƙofa a ƙa'idojinta na 2004, inda Babban Jojin jiha zai iya yi wa ofishin lauyoyi ko kamfanin kai saƙo rajista su riƙa kai takardu. Duk wanda ya taɓa shigar da ƙara kuma ya san zancen kuɗin mota, wanda ba ya cikin rasit amma in babu shi takarda sai ta yi wata a cikin durowa. Haɗarin a nan a bayyane yake: wanda ya biya kuɗin motar shi ne mai ƙara, kuma shi ne wanda zai ci riba in abokin shari'arsa bai zo ba.

Akwai kuma abubuwan da babu littafin Ingila ko na New York da zai koya wa mai kai sammaci a Kano ko Zariya ko Katsina. Lungun da ba shi da suna, gidan da ba shi da lamba, unguwa ɗaya mai Sani Abdullahi goma sha biyu, kowa kuma da laƙabinsa aka san shi ba da sunan da ke takarda ba. Gidan da aka rubuta ba a shiga a ƙofarsa, alhali matar gidan ake nema, in ka ba yaro ya miƙa ciki wataƙila hannun kishiya za ta faɗa, in ka ba maigida wataƙila shi ne ma abokin shari'ar. Ga wanda ba ya karanta boko, wanda zai karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu yana jiran ɗansa ya dawo daga makaranta ƙarshen zango. A kotunan Musulunci akwai wata garkuwa, wato i'izari, inda alƙali yake tambayar mutum kafin hukunci ko yana da sauran hujja, amma ita ma sai mutum ya zo za a yi masa ita.

Yanzu waya ta shigo cikin lamarin. A 2008 wata kotu a Canberra ta ƙasar Ostareliya ta yarda a sanar da wasu mutum biyu da ake bi bashin gida hukuncin kotu ta Facebook. A 2015 wani alƙali a New York ya ba wata ma'aikaciyar jinya 'yar asalin Ghana izinin aika wa mijinta sammacin neman saki ta Facebook, sau ɗaya a mako har mako uku, bayan an neme shi ƙasa da sama ba a san inda yake kwana ba. A nan gida ma, a 2019 Kotun Ƙoli ta ce sanarwar ranar zama da ma'aikacin kotu ya tura ta saƙon tes zuwa lambar da lauya ya bayar da kansa ta wadatar. Sai dai a lura, wannan sanarwa ce ga wanda ya riga ya shigo shari'a. Takardar farko, wadda take gaya wa mutum cewa an kai shi ƙara, ƙa'idarta har yanzu hannu da hannu ce, sai in an gwada an kasa, mai ƙara ya koma gaban alƙali da rantsuwar belif ya nemi izinin liƙawa a ƙofa, ko bugawa a jarida, ko turawa ta imel.